Garin da Ka Koya wa Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba sanda. Yara suna makaranta, maigidana kuma yana nan yana fama da shagonsa.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, da haushinka na ɗauki biro. Ka san ni na koya wa Auta kiwon kaji. Ni na ba ta 'yan tsakin farko, ni na nuna mata shimfiɗa garin katako da rataya fitila don ɗumi, lokacin ko ɗan tsako ya taka mata ƙafa sai ta yi ihu. Yau ga shi ta bar ni a baya. Rana ɗaya muka ɗauko 'yan tsaki, wurin mutum ɗaya, abincinsu iri ɗaya, amma nata ƙirji a cike, ƙafa kamar taɓarya, nawa kuwa sai gashi da dogon wuya. Da na tambaye ta, sai ta yi wani murmushi, wai garin tsirrai take barbaɗa musu a abinci, kuma kai ka koya mata ta waya. Haba Yaya! Ni ba ƙanwarka ba ce? Ko don ban iya shagwaɓa ba?

Raina bai ba ni in roƙi yarinyar da na goya ba. Sai na fake da aron rariya, na leƙa bayan ɗakinta. Na ga ganyen zogale a shanye a inuwa, ga tafarnuwa da citta da kurkum a tire. Na ce ashe ɗan wannan ne, na dawo na daka nawa. Awo ne ban gani ba. Na ce in cokali ya yi mata aiki, ai ludayi ya fi, na zuba musu ba tausayi. Garin neman ƙiba na samo rama. Kajin suka ɗan tsattsaga, yajin citta ya kore su, suka koma kan ruwa. Shimfiɗarsu ta jiƙe sharkaf, warin tafarnuwa har maƙwabta, kuma daidai lokacin da ya kamata su yi nama ke nan.

Mai gasa kajin nan na bakin titi, wanda tun da na fara kiwo wurina yake saye, ya zo ya ɗaga guda, ya taɓa ƙirjinta, ya ajiye, ya ce zai dawo. Ina tsaye a ƙofa na ga babur ɗinsa ya karya kwanar gidan Auta. Inna kuwa ba ta da zance sai hannun Auta akwai albarka. Don a ƙarasa ni, Auta ta aiko mini da kaji biyu, wai in yi wa yara miya. Na so in mayar, maigidan ya hana. Yara suka suɗe kwano tas. Ni ma na ci, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne naman ya yi daɗi. Wallahi kishinta nake ji, Allah ya yafe mini.

Ƙarshen wata sababbin 'yan tsaki za su iso. Maigidan ya ce in waɗannan ma suka ƙi, zai share ɗakin kajin ya zuba kayan shagonsa. Don Allah ka rubuto mini awon dalla-dalla, cokali nawa a buhu, kuma daga yaushe ake fara ba su. Amma kada Auta ta ji.

Ka gaishe mini da matarka da 'yan biyu, da surukarka in ka je. Inna tana sa maka albarka. Jiya wata baƙuwa ta shigo layinmu tana tambayar gidan Mai Kaji, sunan da kai ka raɗa mini. Ɗana na cikina ne ya raka ta gidan Auta.

Ƙanwarka,
wadda a da ake kira Mai Kaji