Maganar da Inna Ke Maimaitawa

Yelwa, 4 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Zulai'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Na rubuto ne don abin da na kasa faɗa miki a waya. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna, Hausa ta ɓace mata ƙaf. Gunganci kaɗai take yi, harshen tsibirinsu da ruwan Kainji ya cinye.

Kin san ni da tone-tone. Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi. Ɗalibai su tambaye ni wa ya gina dalar Masar, ko wane harshe aka fara yi a duniya, in cika musu allo ina jin kaina. Har yadda aka warware rubutun Fir'auna daga jikin wani dutse na sani. Amma ga uwata tana maimaita magana ɗaya tana hawaye, da ni da bango duk ɗaya. In ba ta ruwa ta kau da kai, in gyara mata shimfiɗa ta ƙara kuka.

Laifina ne. Ke ba ki yi wayo ba lokacin. Ina aji biyu a sakandare ta yi mini Gunganci a gaban abokaina, suka yi dariya, na ce kada ta sake kunyata ni. Ba ta sake ba kuwa.

Na kawo wani mai kifi da ke jin Gunganci daga kasuwa ya saurari Inna, ya ce bakinta ya yi nauyi, sai wanda ya tashi da ita. Na ɗauki muryarta a waya. In an gama jarrabawa zan kai wa ƙawarta Gwaggo Hansatu a Wara.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Hafizu

Yelwa, 19 ga Afrilu

Zulai'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Bayan tafiyarku na je Wara, tafiyar da na yi ta ɗagawa har ta zama ta banza. Na tarar da Gwaggo Hansatu tana jera kifi a banda. Sau uku ta saurari muryar, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Ba ruwa Inna ke nema ba, ba kuma ciwo take kuka da shi ba. Cewa take a kira mata ɗanta, an bar ta cikin baƙi.

Zulai'atu, sati biyar ina zaune gefenta riƙe da hannunta, ina cewa ga ni, ga ni, da harshen da ta daina ji. Ta tafi tana ganin na gudu na bar ta. Ban ga abin da zai cire mini wannan daga zuciya ba.

Na roƙi Gwaggo ta koya mini yadda ake cewa ga ni, Inna. Gajeriyar magana ce, kafin ta juya kifin na haddace. Abin da na ƙi shekara talatin ke nan.

Litinin zan koma aji, darasin rushewar Babila ke gabana, ban san da wane baki zan yi shi ba. Maganar kuwa na iya ta yanzu sarai. Wa zan gaya wa?

Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Hafizu