Jakunan Tasalla da Jirgin Ƙaura

Daga mijinki Junaidu zuwa ga amaryata mai haƙori ɗaya, kakata Tasalla. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fatan kina lafiya, ke da jakunan da marigayi Kaka ya bar miki. Malam Attahiru, kai da kake karanta mata, kada ka rage mini ko wasali.

Bayan haka, tun da aka kwaso mu diban gwamna, mu samarin Illela da Araba da Tozai, ƙasa muke ɗauka a ka muna yi wa jirgin ƙasa hanya. Yanzu mun kusa Ƙauran Namoda. Na ga jirgin da idona, baƙi ƙirin, yana tari irin naki. Abin da yake ɗauka, jakunan Illela kaf ba su ɗauka. Na gaya wa shugaban leburori ya bi da shi ta ƙofar ɗakinki. In ya iso, jaki ko kyauta ba mai so. Ki shirya fura.

Ki gai da Umma. Naki, Junaidu.

Zuwa ga Kaka Tasalla, gaisuwa da ban girma. Ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi.

Hamidu mai fataucin fata ya iso, ya ce an gan ki kina cinikin jakuna da Lawwali maƙwabcinki. Don Allah kada ki sayar. Wasan jika nake yi miki. Ƙarfen hanya ya ƙare a Ƙaura, an ma kafa gungume a bakinsa. Na tambayi mi ya sa, aka ce jirgi inda gyaɗa da auduga suke yake bi. Na ce lokacin neman kawunan ɗaukar ƙasa ai ba a tambaye mu ko muna da gyaɗa ba. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Gashin tsakiyar kaina ya tafi a aikin nan, amma mutanen Ƙaura ke hawa, mu sai ɗaga hannu.

Ga shi gishiri da kananzir da atamfa sun taru a tasha, fatake na neman mai kai musu arewa ido rufe. In jakunan nan suka tafi, ban san da mi zan ci abinci ba in an sallame mu.

Naki mai damuwa, Junaidu.

Zuwa ga gwanata Tasalla, gaisuwa da sallamawa. Lafiya lau nake, sai kunya.

Saƙonki ya same ni. Ashe ba sayarwa kike ba, saye kike! Wato kin sa Malam ya karanta takardata ta fari da ƙarfi a ƙofar gida, daidai lokacin da Lawwali ke wucewa, ya tsorata ya sallama miki nasa da araha. Kuma wai tun farko kin san ƙarya nake, don ba ki taɓa ganin abin gwamna ya zo Illela ba sai mai karɓar haraji.

To na ji kin ce za ki turo mini jakunan in yi jigilar kayan fatake; an sallame mu, ki turo su. Amma ki turo su tare da Lawwali, mu yi jigilar tare a raba riba, don da bakina aka cuce shi. Mu da aka hana jirgi kada mu hana juna jaki.

Na yi miki alkawarin jirgi har ƙofar ɗaki, kuma zai zo. Mai dogon kunne ne, yana kuka kafin ya tsaya. Furar dai ki shirya.

Mijinki da kika kayar, Junaidu.