Firijin Inna

Talata da dare, Maamobi

Firijin marigayiya Inna ya daina sanyi. Sama ƙanƙara ta cushe, ƙasa fura ta yi tsami.

Baba Issaka mai gyara ya duba, ya ce, "Ɗiyata, hitar da ke narkar da ƙanƙara ce ta ƙone, shi ya sa iska ba ta sauka ƙasa. Sayi sabo ki huta."

Na ce ya canza hitar kawai. Da kuɗin sobolon da take sanyayawa a wannan firijin, wato zoɓo, Inna ta kai mu makaranta. Mu ke ɗaure ledoji da asuba, tana faɗa muna dariya.

Yanzu ya kama gurnaninsa irin na da. Na bar ƙofar ɗakina a buɗe don in ji shi.