Na Saka Linux a Kwamfutar Baba

Talata, bayan isha'i, Kado.

Yau na yi abin da kowa ya ce ba zan iya ba. Na saka Linux a tsohuwar kwamfutar Baba, kuma ban goge Windows ɗinsa ba.

Malamin da ke koya mana rubuta manhaja ne ya ce dole sai da Linux. Na kai kwamfutar wurin mai gyara a Nyanya, ya jujjuya ta yana yatsina, ya ce, "Madam, wannan ya tsufa. Sai dai in goge komai." Na karɓe abata na fito. A goge me? Karatun Alƙur'anin da Baba ya naɗa da muryarsa kafin ya rasu yana ciki, kuma yadda ya bar ta haka nake son in riƙa ganinta.

Yaya Sadiƙ ma a waya cewa ya yi, "Ke Hauwa, bari sai na zo." Wata uku ke nan yana zuwa.

Na kwafe komai a filashi, na raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, ga batirin ba ya riƙe caji. Na sunkuce ta a guje, ko takalmi babu, sai gidan maƙwabciyata Maman Grace mai sola.

Da kwamfutar ta sake tashi, sai ga zaɓi biyu a fuskarta, Windows da Linux. Na buɗe kowanne, komai na nan lafiya. Intanet ne kawai ya ƙi kamawa, shi ma da kaina zan gano dalili.

Maman Grace ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ashe ke injiniya ne?"

Na ce mata, "Daga yau."