Kujerar Malam Zakka a Cibiyar Binciken Tsufa

Sabon Gari, Keffi

'Yata Hamdiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Na san tsakaninmu tafiyar keke ce kawai, amma maganar ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na ɗauko biro.

Na ji tallafin ya fito. To, madalla. Ke shaida ce, tun kina ɗalibata nake bin wannan cibiya ta binciken tsufa. Da ƙyar na zaunar da likitoci da masana zamantakewa da 'yan kwamfuta a tebur ɗaya. Dakta Idris ya ce Siman, masanin zamantakewar nan, surutu kawai ya iya, Siman ya ce Idris bai san mutum ba sai jininsa. Da kunu da ƙosai na riƙa sasanta su. Mamanku Lea har cewa take na yi mata kishiya da takarda.

Yanzu kuma wai masu ba da tallafin suna son shugaban da ke da sauran shekarun aiki, ni kuwa ritayata ta ƙarato. Na gaji, Hamdiya, ba ni da ƙarfin wani roƙo. Kina cikin kwamiti. Ki yi mini magana, ko shekara guda ce in zauna a kujerar nan kafin in tafi.

Malaminki,
Zakka

Tudun Ƙofa, Keffi

Baba Malam,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. A gaishe mini da Mama Lea.

Wasiƙarka ta same ni bayan an gama zama. Amma wallahi tun a zaman na yi magana a kanka, har muryata ta dushe. Sun ce aikin na bin tsofaffi ne shekara da shekaru, ana auna lafiyarsu da zamansu, don haka wanda ya fara shi ake so ya kai shi ƙarshe. Ba su sassauta ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Dakta Idris ya ƙi yarda Siman ya shugabance shi, Siman ma haka. Da aka rasa mafita sai suka ambaci sunana, wai ni ce ta hannunka. Ban amsa ba. Sau biyu na zo bakin layinku na juya, kunya ta hana ni shiga.

Idan ka ce in ƙi, zan ƙi. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, in na ƙi za su koma rigimarsu, tallafin kuma ya koma inda ya fito. Ni ma na gaji, Baba, abinci ma ba ya shiga.

'Yarka mai biyayya,
Hamdiya

Sabon Gari, Keffi

'Yata Shugaba,

Muna lafiya. Ya yi mini zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki karɓa, kuma ki ci abinci.

Alfarma biyu nake nema. Ɗakin gwajin ya kasance a ƙasa, kada ki bari su kai shi bene, tsofaffi ba sa iya hawa. Jiya na gwada matakalar ofishina, sai da na huta a tsakiya.

Ta biyu, idan kun fara rubuta tsofaffin da za a bincika, ki sa sunana a farko. Wannan kujerar dai na cika sharaɗinta.

Allah ya yi miki albarka.

Zakka