Gwaggo, Alƙali da Kyanwar Inna

Uwargida,

Yau shekara biyu da wata bakwai ke nan rabona da gida. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da gwiwarta. Ni ma lafiya, irin lafiyar mai tsayuwar awa goma sha biyu a gaban injin guga, yana danne zannuwan gadon otal waɗanda bai taɓa kwanciya a kansu ba. Mu takwas ne a ɗaki, gadona na sama, in na miƙa hannu rufi nake taɓawa. Abin da ke riƙe ni shi ne nan da wata uku za a ba ni hutu, in zo in buɗe ɗakina, in rufo ƙofa, in ji shiru na kwana talatin.

Takarda na zaɓa domin a waya ba kya bari in kai aya.

Direban da ke kai mana saƙo ya ce ya ga 'yar kyanwa a cinyar Inna. A bakin direba zan ji an ƙara mutum a gidana! Inna uwata ce, ba ni da bakin hana ta. Amma kin san zomayen nan biyu, Gwaggo da Alƙali, su kaɗai ne ba su taɓa ce mini in aiko da wani abu ba. Wayar kejinsu kuwa ta buɗe tun ina gida, kyanwa za ta shiga kamar gidan ubanta.

Akwai wani mai ninke tawul a nan, maguna shida ya bari a garinsu, shi ya koya mini yadda ake yi. Ku fito da zomayen daga kejin, ku sa su a ɗakin da ƙofarsa ke rufuwa ruf, wanda babu kafa a ƙasanta. Ki sami tsumma mai laushi ki goga wa kyanwar, ki ajiye musu, ki goga musu wani ki ba ta ta shinshina. Sati guda ana haka. Sannan a buɗe ƙofa kaɗan su ga juna, kina tsaye a wurin, ba Inna ba, don Inna ta riga ta zaɓi ɓangare.

Abu ɗaya nake roƙo. Sau ɗaya a rayuwa a yi abin da na ce yadda na ce. Kada a ƙara, kada a rage, kada a tambaye ni dalili.

A gaida Inna da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Maigida

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, sau biyu na karanta wa Inna, ta ce rubutun ya yi kyau, mai rubutun ne dai har yanzu.

Kyanwar a bakin kwata Inna ta tsince ta, jiƙe sharkaf, ba ta fi tafin hannu ba. Ta sa mata suna Tsintuwa.

An yi yadda ka ce. Da yake ba ka faɗi ɗakin ba, sai muka yi wa ƙofofi jarrabawa: Inna ta ajiye kyanwar a gindin kowace ƙofa, ni ina ciki ina kaɗa cokali a kwano. Ɗaki ɗaya ne kawai ta kasa shiga. Nan muka kai su. Na so in tambaye ka wani abu, sai na tuna ka ce kada a tambaye ka.

Tsumman ma an yi. Alƙali ya shinshina ya koma barcinsa. Gwaggo ta shinshina, ta buga ƙafa a ƙasa sau uku, ta yayyaga shi.

Jiya sati ya cika, na buɗe ƙofa kaɗan kamar yadda aka umarce ni. Tsintuwa ta leƙa, ta lallaɓa, tana karkaɗa gindi wai ita mafarauciya. Maigida, ban ga lokacin da Gwaggo ta taso ba. Gurnani kawai na ji, sai ga kyanwa ta bi ta tsakanin ƙafafuna, ta haye kujera, ta haye Inna, ba ta tsaya ba sai a kan ɗankwali. Inna na salati, Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa tana taunar iska kamar mai jiran wani ya sake magana. Inna ta ce ashe gaskiya ne, tsintacciyar mage ba ta mage. Ta kuma ce wanda ya sa wa zomon nan sunan ƙanwar babanka bai yi ƙarya ba.

Yanzu dai ka san wanda ya kamata a kulle.

Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa tsayuwa.

Uwargida

*

Uwargida,

Gaisuwa. Na yi dariya har shugaban sashenmu ya leƙo, ya ɗauka tururi ne ya ƙona ni, domin bai taɓa jin wannan sautin daga gare ni ba. Ki ba Gwaggo karas biyu a madadina. Kyanwar ma ba ta da laifi, yarinya ce, a duba ko an ji mata ciwo.

To amma ina cikin ninke zanen gado sai na tuna ban faɗi ɗakin ba. Ni ɗakin ajiya nake nufi. Wane ɗaki kuka kai su? Kuma da kika ce "nan muka kai su", a sake kika zuba su tare? Alƙali namiji ne. Shekara huɗu ina raba musu keji, ba don ina son wahalar wanke keji biyu ba.

Ki amsa ta hannun direban nan, kada ki jira zuwansa na gaba. Wannan karon na yarda a yi mini bayani.

Maigida

*

Maigida,

Gaisuwa da fatan kana zaune lokacin da kake karantawa.

Ƙofar ɗakin ajiya gara ta cinye ƙasanta tun bara, akuya ma za ta wuce. Na faɗa maka a waya, ka ce in daina kawo maka ƙananan maganganu. Ƙofar da ke rufuwa ruf a gidan nan guda ɗaya ce, wadda ka sa kafinta ya dawo sau uku a kanta, ka liƙa mata roba a ƙasa don kada hayaniyarmu ta same ka.

Ka ce a fito da su daga keji, an fito da su. Ba ka ce a raba ba.

Barka. Kwana huɗu kafin takardarka ta iso Gwaggo ta sauka lafiya, 'ya'ya bakwai. A aljihun ƙasa na durowarka ta haihu. Ta farke matashinka ta kwashe audugar, ta haɗa da gashin ƙirjinta da hularka mai ruwan toka ta yi shimfiɗa. Takalminka na fita, ƙafar hagu ta koma silifa. Wayar rediyo an yanka ta gida biyar, yanka mai kyau. Takardar shaidar koyon sana'arka da ke jingine a bango sun ci gefen da ke da sunanka, hatimin dai yana nan.

Maƙwabciyarmu mai aikin asibitin dabbobi ta zo ta gani. Ta ce kada a taɓa sheƙar sai sun yi wata guda, kuma kada kyanwa ta shiga ko da wasa, domin yanzu kam hatsarin na gaske ne. Ta ce a fitar da Alƙali nan take, wai zomanya tana ɗaukar wani cikin ranar da ta haihu. Na ce ai kwana biyu ke nan da haihuwar, kuma suna tare. Ta dube ni, ta ce to Allah ya raya na gaba ma. In lissafinta daidai ne, za ka iso ka tarar da sabon jego.

Alƙali yana falo yanzu. Shi da Tsintuwa kwando ɗaya suke kwana, tana lasar masa kunne, yana lumshe ido. Tsoron mace ɗaya ya haɗa su.

Inna ta ce in rubuta maganarta yadda ta faɗa, ga ta:

"Auta, ka ci gidanku. Mai jego ba a tashinta, ko ta mutum ko ta dabba. In ka zo ga tabarma a falo, ai ka saba da taro. Tun da ka tafi ban ga rubutun hannunka ba sai da na tsinci kyanwa, yanzu ga takarda biyu a wata guda. Da na sani da kura na kawo."

Iyakar maganarta ke nan. Ni ban ƙara ba, ban rage ba. Sai dai tunda an ba ni izinin bayani: na san da na buga maka waya ranar, da ba a kai nan ba. Na ɗauki wayar, na ajiye. Ɗakin nan tun kana gida a rufe yake, Maigida, kana ciki muna waje. Na so in ga ranar da za a buɗe shi, ko da zomo ne zai buɗe.

Allah ya kawo ka lafiya.

Uwargida

*

Uwargida,

Gaisuwa gare ki da Inna, da mai jego.

Kwana uku ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada mai ninke tawul, na gwada kyanwa, na gwada ki. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to ni na duba, ni na kashe, ni na rataya. Umarnina ne, da rubutun hannuna.

Kada a tashe ta. A saya wa kejin Alƙali waya sabuwa. Kyanwar Inna ta zauna.

Tabarmar falo kuwa, bayana ba zai ɗauka ba. In akwai wuri a ɗakinki, ina roƙo, ba umarni nake ba. Ƙofar ma a bar ta a buɗe, yadda kika saba barinta.

Ga abin da na tsira da shi bayan shekara biyu da wata tara: zomaye tara, da na hanya. Kyanwa ɗaya, ba tawa ba. Takalmi ƙafa ɗaya, ta dama. Rediyo ba waya. Rabin takardar shaida, mai hatimin. Ɗaki, babu.

Maigida