Kirarin Kaka a Bakin Dajin Dudunni

Ƙanena Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya Hajara da yara, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Kusada lafiya lau, sai kewarku.

Ran Asabar aka buga gangar farauta, aka taru a bakin dajin Dudunni. Gwiwata ta matsa min, amma na ɗauki gorar Baba na fita da Duna, jikan baƙar karyar nan da ya bar mana. Kafin a shiga daji makaɗi ya ɗauko kirarin gidaje. Ya kira gidan su Ilu, samari suka ɗaga gora suna ihu. Da ya zo kan kirarin Kaka, ya dakata yana jiran amsa. Wallahi Sale, sai da na waiwaya ina neman ku. Ni kaɗai na ɗaga gora. Kafin in amsa sai Duna ya yi haushi, aka kwashe da dariya. Ban shiga dajin ba, gida na dawo.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Don Allah in an yi hutu ka turo min ɗanka Abba. Kada baɗi kare ya sake amsa wa gidanmu.

Yayanka,
Musa